Idon Kaboyi a Bakin Mata

Tun kafin matarsa ta aure shi ake ce masa Kaboyi, kuma har yau akwai mutane a layin da suka yi shekara ashirin suna gaisawa da shi ba su san ainihin sunansa ba.

A gidan silima ya samo sunan. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, shi da abokinsa wanda daga baya ya zama telan layin, suka fara shiga kallon finafinan mutanen nan masu malafa da doki da bindiga a ƙugu. Sauran tsaransu sukan fito suna harbin juna da yatsa, bayan shekara biyu suka manta. Shi bai taɓa harbin kowa da yatsa ba. Abin da ya ɗauko daga fim ɗin shi ne shirun. Ya ga namiji ya shigo gari shi kaɗai, ya ɗaure dokinsa, an zage shi bai tanka ba, an harbe shi a kafaɗa bai ce wayyo ba, ya gyara abin da ya zo gyarawa ya juya ya tafi ko sallama babu. Ya ce a ransa haka namiji yake, daga nan kuwa bai sake shawara ba. Hali zanen dutse.

Doki dai bai samu ba, mota ya samu. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin wata makarantar firamare, ya ɗebo yara da sassafe ya mayar da su da rana, bai taɓa ko goge fentin wani ba. Malafa ɗaya ya saya mai faɗin baki, in ta tsufa ya nemo irinta. Gaisuwarsa kuma yatsa biyu ce a bakin malafa, ba kalma. Tela ne ya fara mayar masa da irinta, sai mai kanti ya ɗauka don tsokana, sai mai walda, har mata da yara, har ta zama duk layin haka ake gaishe shi. Abin ya zo daidai da wurin, don tsakanin ƙarar injin walda da na niƙa da babura, ko ka ɗaga murya daga tsallaken titi ba mai jin ka.

Sai Allah ya haɗa shi da mai kitso.

Shagonta ɗakin gaba ne na gidansu, ƙofarsa na kallon titi. Madubi ɗaya dogo da ya fara baƙi a kusurwa, benci biyu, kujera 'yar tsugune, da gwangwanin madara cike da mataji da tsinkayen tsaga. Mace in ta zauna ta ba da kai, awa uku ba ta da abin motsawa sai baki. Saboda haka babu abin da ke faruwa a layin da bai bi ta wannan ɗaki ba. Kaboyi yakan ce mata Gidan Rediyo. In ya dawo ya tarar ɗakin ya cika, sai ya taɓa malafa ya wuce ciki da sauri kamar mai gudun ruwan sama.

"Gulma dai, gulma dai," yakan ce in sun zauna su biyu. "Ba kwa gajiya?"

"Kai da ba ka yi, me ka sani?" takan ce. "Ko ruwan famfo za a ɗauke, a bakina kake ji."

Gaskiyarta kuwa. Kuma ita ba haɗiye magana take yi yadda ta zo ba, tankaɗe ta take yi. Tana da ƙa'ida guda da ta koya wa kanta a bakin aiki: abin da mace ta gani da idonta, a riƙe; dalilin da ta ɗora a kai, a zubar. Mata ba su cika ƙarya a kan abin da suka gani ba, in ji ta, a wurin fassara ne shaiɗan ke shiga. Wata shekara yara suka yi ta gudawa a layin. Wannan ta ce bakin maƙwabciyarta ne, waccan ta ce mai sayar da ƙanƙara ce. Mai kitso ta zubar da baki da ƙanƙara, ta lissafa gidajen a ranta, ta ga duk a tanki ɗaya suke ɗibar ruwa. Da aka hau aka buɗe, mushen ɓera aka tarar. Kaboyi da ya ji sai ya ce sa'a ce kawai.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa a gidan. Kowace Asabar bayan la'asar Tela yakan rufe shago ya tsallako, su zauna a falo gaban talabijin, shayi da gyaɗa a tsakaninsu. Sun fara da kaset, suka koma faifai, yanzu 'yarsu Auta ta zuba musu finafinan a wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino. Finafinan dai su ne na da, wasu sun kalle su sau arba'in. Awa biyu suna zaune, in an ƙirga maganarsu ba za ta kai kalma goma ba. "Zai juyo." "Uhm." Mai kitso takan leƙo ta ce ko kurame biyu sun fi su hira. Amma ta san wannan zama shi ne abin da mijinta ke jira duk mako, kuma ba shi da wani aboki bayan wannan.

Rana ɗaya, saura shekara biyu ya yi ritaya, ya dawo da hantsi ba mota.

"Ina bas?"

"Na ba su makullinsu."

"Kora aka yi?"

"Na gaji."

Ta juya tambayar ta kowace fuska, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba, wanda shi a wurinsa hutu ne. Bai ƙara ko harafi ba. Ya ɗauki sabuwar al'ada: ƙarfe tara ya sa malafa ya bi layin a ƙasa zuwa tasha wurin tsofaffin direbobi, ya dawo wajen ƙarfe biyar.

Layin bai bar maganar ta faɗi ƙasa ba. Aka ce kora ce. Aka ce a'a, sallama mai kauri aka yi masa. Bayan wata biyu sai aka fara wata: wai tun da ya ajiye aiki ya fara ɗaga hanci, a gaishe shi ya wuce kamar bai ga mutum ba. A gabanta ba a faɗa kai tsaye, sai dai a ce "wasu mutane", a kalli madubi. Ta ji zafi, amma ta zubar da maganar duka, da gani da dalili, don ta san mijinta. Kuskurenta ke nan, ta karya ƙa'idarta da kanta saboda abin ya zo gida.

Sai wata Asabar Tela bai zo ba. Kaboyi ya zuba shayi kofi biyu, ya kunna fim, ya kalla har ƙarshe, ya zubar da kofi ɗaya. Asabar ta gaba ma haka. Ta uku bai zuba na biyun ba.

"Ka tsallaka ka tambaye shi mana. Taku ashirin ne."

"Ya san hanya."

Ta ga yana ramewa. Ya rage cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abota ta shekara hamsin tana mutuwa a gabanta, kuma su biyun duk almajiran fim ɗaya ne, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma su ai a baki ɗaya suke kwana, dole su shirya. Waɗannan titi ne a tsakaninsu.

Ranar wata Talata matar tela ta zo kitso. Mace ce da magana ba ta kwana a cikinta, amma ranar ta yi kusan awa ɗaya tana cije baki. Matar mai kanti na kan benci tana jiran layi. Da aka kai tsakiyar kai, abin ya ci ƙarfinta.

"Yaya, ni fa ba zan ɓoye miki ba. Baban Auta bai kyauta ba. Maigidana kullum da safe yana bakin ƙofa da keken ɗinkinsa, ya hango shi ya ɗaga yatsu, shi kuwa ya wuce ko kallo babu. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wata biyu yana haƙuri. Ranar Asabar ya zo nan su zauna, to da yake zaman nasu dama shiru ne, wa zai gane na fushi da na zumunci? Ƙarshe ya ce shi ba zai ƙara kai kansa inda ba a so ba."

"Da safe?" in ji matar mai kanti. "Ai da safe lafiyarsa ƙalau. Ni kullum sai ya taɓa mini malafa. Da yamma ne abin ke motsa masa. In ya dawo daga tashar nan, ko ka yi rawa a gabansa ba ya kallonka. Ni na ce ko wani abu suke sha a can."

"Ke dai da safe ne."

"Da yamma dai. Ni da nake gani da idona?"

Suka kama musu. Hannun mai kitso ya tsaya a kan tsaga. Wannan karon ta yi abin da ta saba: ta zubar da girman kai, ta zubar da shaye-shaye, ta riƙe safe da yamma. Shagon Tela yana tsallaken titi, in ka fito daga gidansu ka nufi tasha yana hannun hagu. Da rana ta juya takan bugi ƙofarsa, sai ya saki labule ya koma ciki, don haka da safe kaɗai yake ganin wucewarsa. Kanti kuwa yana gefensu, hannun dama in za ka, hannun hagu in ka dawo. Ta tuna mai walda ma ya yi ƙorafi, shi ma yana jere da Tela.

Sai sauran suka zo mata da kansu. Kujerarsa da ya ja ta koma jikin bango. Tabon da ta gani a kafaɗarsa ta hagu, ya ce ƙofa ce. Yadda in suna tafiya yake zagayowa ya sa ta a damansa, ita kuwa tana jin daɗi wai tsufa ya koya masa kulawa.

"Yaya, kin ja mini gashi!"

"Yi haƙuri," ta ce. Ta ƙarasa kitson nan ba ta san yadda ta ƙarasa ba.

Da ya dawo ya zauna a kujerarsa yana kwance igiyar takalmi, ta shigo ta ƙofar kicin, wadda ke hagunsa, ta tsaya taku uku daga gare shi. Shekara talatin da huɗu tana yi wa gaisuwar nan tasa dariya, ba ta taɓa yin ta ba. Ta ɗaga yatsa biyu ta ɗora a goshi. Ya gama da takalmi ɗaya, ya ɗago, ya kalli talabijin da ke kashe, ya koma kan ɗayan. Ta tsaya har hannunta ya gaji. Sannan ta zagaya ta bayan kujera ta fito ta dama, yatsun na nan a goshi.

Nan take ya gan ta, ya yi dariya. "Yau kuma Gidan Rediyo ta shiga fim?"

Dariyar nan ce ta karya mata zuciya. Ta zauna a hannun kujera.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon hagu, maigida."

Ya daɗe yana kallon takalmin da ke hannunsa. "Wa ya faɗa miki?"

"Matar tela da matar mai kanti."

"Su kuma wa ya faɗa musu?"

"Ba su sani ba. Sun faɗa mini ne ba su san sun faɗa ba."

Ranar ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a aurensu, ita ma ba ta wuce minti uku ba. Wata safiya wata mata ta fito da keke ta hagunsa, bai gan ta ba sai da yaran cikin mota suka yi ihu. Ya taka birki, Allah ya kiyaye. Ya sauke yara ya wuce asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci a ɓoye, na hagu ya riga ya tafi, na dama za a iya riƙe shi da magani. A makon ya mayar da makulli. Maganin yana tasha a aljihun wata tsohuwar riga, can yake ɗigawa.

Ta rasa wanne za ta fara, alfahari ko fushi. Mutumin da ya ajiye aikin da yake so don 'ya'yan mutane, shi ne kuma ya kwana watanni kusa da ita da wannan abu a ciki. Kunya ma ta kama ta. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ga shi nata ɗakin sai da 'yan waje suka nuna mata.

Ta faɗa masa zancen Tela.

"Shi ya daina gaishe ni," ya ce. "Wajen shagonsa murfin kwata ya karye, sai na kalli ƙafata. In na wuce na juyo, kullum kansa na kan keke."

"Ya ɗaga hannu ka wuce, ya sauke. Sannan kai ka juyo."

Ta ga maganar ta shige shi. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, "Kada ki faɗa wa kowa. Gara a ce mini mai girman kai da a ce mini wayyo."

Ta yi alkawari, ta kuma cika, amma mako biyun nan ba ta taɓa shan wuya irin tasu ba. A ɗakinta, a kan bencinta, ake yanka mijinta, maganin na kan harshenta, ba dama. Mata suka fara cewa hannunta ya yi zafi kwanan nan.

Asabar ta biyu ta rufe shago da wuri, ta zuba shayi kofi biyu, ta zauna a kujerar Tela. Ya kunna fim. Baƙo ya shigo gari a kan doki, mutane na leƙe ta taga. Ya ɗaure dokin ya shiga wani shago.

"Ina ya shiga?"

"Wurin mai aski."

"Gashin nasa nawa ne? Jiya-jiya aka yi masa, dubi ƙeyarsa."

"Ki bari mu ji."

Mai askin fim ya shafa kumfa, ya sunkuya, ya fara zuba: wane ne ya ƙwace rijiya, wane ne ya sayi alƙali, matar wa aka kashe wa miji.

"Ka gani?" ta ce. "Gulma ya je ji. Duk finafinan nan naka na leƙa su ta ƙofa shekara da shekaru. Ko mai aski, ko mai mashaya, ko tsohuwa mai haya. Shi ya yi shiru ya yi kyau a hoto, wani ya yi masa maganar. Da garin duka irinsa ne, da har fim ya ƙare bai san wa zai harba ba."

"Kin cika surutu."

"Na sani. Shi ya sa ka aure ni."

Suka kalla har baƙon ya hau doki ya tafi. Ta lura bai taɓa gyaɗar ba.

Ranar Litinin ya sa malafa, ya kai bakin ƙofar shago, ya tsaya yana gyara madaurin agogo wanda ba abin da ya same shi.

"Matar tela za ta zo yau?"

"Gobe, wankin kai."

"Ni bakina ba zai iya ba." Ya ƙara jan madaurin. "Ita kaɗai."

"Ita kaɗai ta isa," in ji mai kitso.

Washegari ta jira har ta kwantar da kan matar tela a bakin baho, kumfa ta rufe kunne ɗaya, ta sunkuya kan ɗayan. Ta faɗa mata duka, da matar mai keke da ihun yara da makulli, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Matar tela ta fashe da kuka, ruwan sabulu na shiga mata baki. Sannan mai kitso ta ɗora abin da ta san shi ke sa magana gudu: "Don Allah kada ki faɗa wa kowa." Matar ta fita da ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai, ko taje shi ba ta tsaya an yi ba.

Laraba ƙarfe tara ya fito. Mai kitso ta bar wata da rabin kitso ta tsaya jikin ƙofa tana kallo, don ta san in mutum ɗaya ya tare shi da "sannu, ashe abin da ya faru ke nan", zai juya ya shige gida, ba kuma zai yafe mata ba.

Ba wanda ya ce sannu. Mai walda ya sa fuska a aikinsa. Matar mai kanti ta taɓa goshi kamar kullum, ya mayar mata. Keken Tela na bakin ƙofar shagonsa, da riga a ƙarƙashin allura, ba kowa a kai.

Tela yana wannan gefen, gaban kanti, a hannun dama, da silifas da tef ɗin awo a wuya. Ya ɗaga yatsa biyu. Kaboyi ya tsaya cak. Ya kai hannu bakin malafa, hannun ya ƙi saukowa, ya ja malafar ƙasa ta rufe masa fuska. Mai kitso ta san kuka yake, ita ma ta bar nata ya zubo.

Tela bai kalle shi ba, ya ba shi lokaci. Da ya ga kafaɗun sun daina motsi, sai ya zagaya ta bayansa ya tsaya a hagu, kafaɗa da kafaɗa.

"Mu je, tsoho," ya ce. "Kai dai dubi gabanka. Wannan gefen nawa ne."